Wa Ya Faɗi Ranar Motar Damari

Hajaratu maƙwabciyarta ce ta faɗa, kuma ba da wata manufa ba. Aron rariya ta shigo yi da hantsi, ta ga 'yan ƙananan riguna shanye a igiya, sai ta tsaya bakin ƙofar ɗaki tana dariya.

"Lallai ana shirin tarbar baƙuwa. Ashe Alhamis za a kawo ɗiyar taki daga Damari?"

Suwaibatu na zaune kan tabarma, kwamfutarta na bisa kujera 'yar tsugunne a gabanta. Yatsunta suka tsaya cak.

"Wa ya ce miki Alhamis?"

"Maigidan ne ya jiyo a kasuwa. Wai motar ƙungiyar manoma za ta je ɗauko waken suya, ta biyo da Goggo da yarinyar. Ko ba haka ba ne?"

"Ba a sa rana ba tukuna," in ji Suwaibatu. Ta tashi ta ɗauko rariyar ta miƙa mata, har da murmushi, har da cewa ta gaida yara.

An sa rana kuwa, kuma Alhamis ɗin ce. Abin da ya tsorata ta ke nan. A wannan yanki, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, an daɗe da daina faɗin ranar tafiya. Mutum zai yi sallama da kai da yamma kamar gobe za ku haɗu a masallaci, sai jibi ka ji yana Funtuwa, kuma ba wanda zai ji haushi. Kowa ya san 'yan bindiga ba duba suke yi ba, gaya musu ake yi. Kuma mai gaya musun a cikin mutane yake zaune, yana amsa sallama, yana cin goron suna.

Ikhlas ce 'yarta ta fari, ita kaɗai ce kuma. Da lokacin yaye ya yi, Goggo, mahaifiyar mijinta Mas'udu, ta zo da kanta daga Damari ta goya ta. An samu lafawar hare-hare a lokacin, kuma ba yadda za a yi matar ɗa ta buɗe baki ta ce wa uwar miji a'a a kan 'yar fari. Ko sunan yarinyar Suwaibatu ba ta kira a gaban dangin miji. "Yarinyar nan" take cewa, tana kallon gefe. Aka ce wata guda za ta yi. Damina ta shigo, hanya ta lalace, labarai marasa daɗi suka fara dawowa, wata guda ya zama har kaka. Sai yanzu Mas'udu ya shirya da Salihu direban ƙungiya cewa in ya je ɗauko buhuna zai ba shi saƙo a can. Ko Salihu bai san saƙon mutane ne ba. Goggo ma sai da safiyar ranar za a gaya mata ta ɗaura kayanta.

To ta ina maganar ta isa kasuwa?

Da Mas'udu ya dawo cin abincin rana, ba ta bari ya wanke hannu ba.

"Baban yarinya, wa ka gaya wa?"

"Gaya wa me?"

Ta ba shi labarin Hajaratu. Ya zauna bakin gado, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wallahi ko Lawwali ban gaya wa ba, kuma cikinmu ɗaya. Ke fa? Ba ki faɗa wa Innarku a waya ba?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

Gaskiya ta faɗa. Amma tana rufe baki wani abu ya faɗo mata a rai, ta juya ta kalli kwamfutar.

Aikin da take yi kwanakin nan na ƙungiyar manoman waken suya da masara ne, wadda ta haɗa mutanen ƙananan hukumomin uku. Suna son shafin intanet, don masu saye daga Kano da kudu su ga kaya da hotuna ba sai sun biyo wannan hanya ba. Da yake ta yi karatun kwamfuta kafin aure, ita aka ba. Sun kama hayar saba, wato wata kwamfuta da ke can wani gari mai nisa wadda ba a kashe ta. A cikinta shafin zai zauna. Daga ɗakinta take shiga ta shirya ta, in sabis ya yarda, in sola ta yi caji. Ta ɗora manhajar da ake rubutu da ita, ta haɗa ta da rumbun da ke adana rubuce-rubuce da hotuna, ta yanka makullai uku, kowane da kalmar sirrinsa. Nata ne babba, mai buɗe ko'ina. Na biyu na Lawwali ne ƙanin mijinta, mai zagaya gonaki da babur yana ɗauko hotuna yana rubuta bayani. Na uku na Alhaji Gide ne shugaban ƙungiya, wanda tunda aka yanka masa bai taɓa shiga ba. Shi abin da ya nema ɗaya ne: duk abin da za a rubuta da sunan ƙungiya ya zo wayarsa ta saƙon tes kafin duniya ta gani. Ta haɗa masa hakan, ta gwada, ta sake gwadawa, ba abin da ya isa wayar. Ta bar shi a kan sai ta gama sauran.

A cikin manhajar akwai wurin ajiye daftari, rubutun da aka adana ba a saki ba. Ranar da take son ta tabbatar wurin na aiki, sai ta buƙaci ta rubuta wani abu, ko mene ne, na gwaji. Wasu sukan danna haruffa barkatai. Ita kuwa ta zauna ita kaɗai a ɗaki, nononta ya daɗe da ƙafewa amma ƙirjinta bai daina nauyi ba, sai ta rubuta abin da bakinta ba ya iya faɗa a gidan: Ranar Alhamis motar ƙungiya za ta je Damari ɗauko waken suya, za ta taho da Goggo da Ikhlas. Ikhlas ɗina za ta dawo gida. Ta adana, ta ga ya adanu, ta ji daɗi har sau biyu. Ba ta goge ba. Kullum in ta buɗe sai ta kalli sunan kafin ta shiga aiki.

Ta gaya wa Mas'udu duka, kanta a ƙasa.

"Wa ke iya ganin wurin nan?" ya tambaya.

"Ni. Sai Alhaji, shi kuma ba ya shiga."

"Sai wa?"

Ta kawar da kai gefe. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da hularsa.

"Suwaiba, ki yi hankali da abin da za ki sa a ranki. Ƙanina ne."

Ya fita bai ci abincin ba.

Ta goge daftarin. Ta bi shafin ta waje kamar baƙuwa, ta gwada duk ƙofar da ta sani, ko ta bar wata a buɗe ba ta lura ba. Ko'ina a rufe. Ta so a ce ta samu ɓaraka, don ɓaraka ana toshe ta. Da ba ta samu ba, sai tunaninta ya koma inda take hana shi zuwa.

Lawwali yana shiga ƙauyukan da wasu ke tsoron shiga, ya dawo lafiya. Ya canza waya kwanan nan. In an kira shi yana gidan, sai ya tashi ya fita zaure, wani lokaci har bayan katanga, yana magana ƙasa-ƙasa. Ranar nan ya tambaye ta, cikin wasa, yaushe za a dawo masa da matarsa, don haka yake kiran Ikhlas saboda tsokana, ko da yake baffanta ne. A lokacin dariya ta yi. Yanzu tana juya tambayar tana neman abin da ke ƙarƙashinta. Ta tuna shi ne ya yi ta jigilar ruwa lokacin da take jego, shi ne ya sayo wa yarinyar takalmin farko mai ƙara in an taka. Ta tuna kuma mutumin da aka kama a unguwar gabas bara yana kai wa 'yan bindiga labari, wanda kowa ya rantse ba zai aikata ba.

Kafin la'asar ta rufe makullinsa.

Washegari sai ga shi da sallamarsa mai ƙarfi, jakar kyamara a kafaɗa, ƙura har gira.

"Matar yaya, injin naki ya yi yaji. Tun daga Tafoki nake ƙoƙarin ɗora hotuna yana cewa bai san ni ba. Ko kin manta kin ba shi abinci?"

"Gyara nake yi."

"To gyara min nawa, ga ni ga ki." Ya tsuguna bakin ƙofa ya jawo kwanon ɗumamen da ya gani. "Wannan tuwon kuwa da shi za a iya yin bulo. Haka yayana ke fama?"

Da a da ne da ta mayar masa da wadda ta fi ta. Yau sai ta ci gaba da danna kwamfutarta. Ya ɗago ya dube ta, loma a hannu.

"Lafiya?"

"Lawwali, kana buɗe wurin daftari?"

"Ina buɗewa mana. Me ya faru?"

"Ka ga wani rubutu da na yi na gwaji?"

Ya ɗan yi murmushi. "Mai sunan matata? Na gani. Na ce ashe dai ana iya faɗin sunan in ba kowa a kusa. Na yi niyyar in tsokane ki, sai na ji tausayinki."

"Wa ka gaya wa?"

Murmushin ya tafi a hankali. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya goge hannunsa a jikin wandonsa.

"Maganar ta fita ne?"

"Tana kasuwa."

"Shi ne kika rufe nawa." Ya gyaɗa kai. "Ba gyara ba ne."

"Mutum uku ne ke da makulli."

"To faɗi kalmar mana, matar yaya. Kin san ta, na san ta. Faɗe ta a nan cikin ɗaki, don in kika faɗe ta a waje, 'yan sa-kai ba za su tsaya tambayata ba."

"Ban ce komai ba."

"Ai gara ki ce." Ya miƙe. "Wayar da nake fita yi, wata yarinya ce a Tafoki, Rukayya. Yaya ya sani, tambaye shi. Ban gaya miki ba ne don na san bakinki." Ya rataya jakarsa. A bakin zaure ya juyo. "Ko ni ne ko ba ni ba ne, kar motar nan ta ɗauko su ranar Alhamis. Wannan dai mun yarda a kansa ko?"

Ya tafi, ta bi bayansa da kallo. Abin da ya fi damunta shi ne, da mai gaskiya da maras gaskiya duk haka za su yi magana.

Amma abin da ya faɗa na ƙarshe daidai ne, kuma ba mai iya tsayar da motar sai Alhaji Gide. Ta yanke shawarar ta je ta same shi da kanta, don wannan ba maganar waya ba ce. Kafin ta fita, don ta samu abin da za ta fake da shi, ta rubuta ɗan daftari a kan yadda ake shanya waken suya ta adana, in ya tambayi aiki ta ce ga inda aka kwana. Ta zura hijabi ta nufi kasuwa.

Rumfar Alhaji Gide na layin 'yan hatsi, kuma ba ta rabuwa da mutane. Ga dillalai, ga masu ɗinkin buhu, ga waɗanda suka zo daga ƙauye suka sayar da nasu suna jiran mota, ga waɗanda inuwa kawai ta kawo su. Shi kansa yana kishingiɗe bisa buhunan masara da carbi a hannu. Dattijo ne da ya san zafin abin: an taɓa ɗauke shi a hanyar gona, ya yi makonni a daji, ya dawo da ɗingishin da har yau bai rabu da shi ba. A duk taron ƙungiya shi ke jan kunnen mutane a kan baki. Shi ya sa ko sau ɗaya Suwaibatu ba ta kawo shi a ranta ba.

Ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi.

"A'a, injiniyarmu. Mi ya fito da ke cikin rana haka? Ina Mas'udun?"

"Yana wurin aiki, Baba. Wata 'yar magana ce, in da hali a keɓe."

"To bari in sallami wanga bawan Allah."

Tana nan durƙushe sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, irin ƙaramar nan mai madannai. Ya zaro ta, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, sannan ya miƙa wa wani mutum mai jar hula da ke zaune kan ma'auni yana cin rake.

"Kai, duba min. Mi suka ce?"

Mutumin ya goge hannu ya karɓa, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi yadda har masu ɗinkin buhu suka ɗago.

"Sabon daftari daga Suwaibatu. Yadda ake shanya waken suya. Kada a shanya shi a ƙasa tsurara, a shimfiɗa tamfol."

"Gaskiya ne," in ji wani daga baya. "Ƙasa na ɓata shi."

"Ka ji aiki," in ji Alhaji Gide, yana nuna ta da carbi. "Ga mai rubutun nan a gabanku."

Suwaibatu ta ji kasuwar duka ta yi nisa. Tes ɗin da ta ɗauka ya ƙi aiki, ashe yana aiki. Nan take ta gane yadda aka yi. Bayan ta yi rubutun gwajin nan, ta gyara wani sashe na sabar, wanda ke tashinta lokaci-lokaci ta yi ayyukan da aka jera mata, don tana son ta riƙa kwafe komai tana ajiyewa da kanta. Saƙonnin Alhaji ashe ba ɓacewa suka yi ba, layi suka yi suna jiran wannan sashen. Tana gyara shi suka fita gaba ɗaya, ba ta sani ba. Ba ta kuma taɓa tambayar kanta yadda dattijon da karatunsa na allo ne, idonsa kuma ya yi rauni, zai karanta tes ɗin boko ba.

Da ya sallami mai jar hular, ya ja ƙafarsa suka koma bayan rumfa inda aka jibge buhunan da ba kowa.

"Baba, saƙon nan ya daɗe yana zuwa?"

"'Yan kwanaki ke nan. Rana guda suka zubo kamar ƙanƙara. Na ce Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ta cika alkawari."

"Akwai wani a ciki mai maganar Damari?"

Fuskarsa ta washe. "Mai sunan jikar Goggo. Ai har na sa aka maimaita, don ya ba mutane dariya. Na ce ku ji 'ya'yan zamani, kunyar ɗan fari ta koma cikin inji." Yana cikin dariyar sai ya katse ta. Ya dube ta. Carbin ya daina motsi.

"Da ranar a ciki," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Da ita, Baba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Laifina ne. Bai kamata in rubuta ba, kuma ni na haɗa abin ban bi sawunsa ba."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta bar wannan. Ya zauna kan buhu a hankali.

"Wa ya karanta muku ranar?"

"Wani ne ya zo tambayar farashin dawa. Fari, dogo. Ban san shi ba." Ya shafa gemunsa. "Ko kuwa wancan na shekaranjiya ne? Duk wanda ke kusa nake ba." Ya leƙa ta tsakanin buhuna ya kalli rumfarsa, mutanen da ke zaune suna hira suna tofar da ɓawon rake. Ta ga yana bin su ɗaya bayan ɗaya da ido, irin kallon da ita ta yi wa Lawwali. "Rumfar cike take ranar," ya ce.

"Baba, ina neman izini in cire tes ɗin."

Nan ya ɗan taurare. "To shugaba zai zauna ana rubutu da sunan ƙungiya bai sani ba? In aka yi kuskure wa za a kira? Ni za a kira."

"Za ku sani. Ba abin da zai fita sai kun ji shi. Amma a gida, a zaurenku, mutum ɗaya ya karanta muku daga ku sai shi."

"Wa?"

Ta ce, "Lawwali."

"To. Yaron kirki ne." Ya nisa. "Bari in kira Salihu in ce an fasa. In kuma sa a faɗa a rumfa, kowa ya ji an fasa."

"A'a, Baba, don Allah kar a faɗa. A gaya wa Salihu shi kaɗai, shi ma sai ranar da safe. In akwai mai jiran Alhamis, a bar shi ya yi ta jiran Alhamis."

Ya dube ta da kyau, sannan ya gyaɗa kai. Da za ta tafi ya zaro wayar ya juya ta a tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinta.

Tana isa gida ta kashe tes ɗin, ta share layin saƙonnin da suka rage, ta tura gwaji da haruffan banza ta jira, ta kira Alhaji ya ce ba abin da ya shigo. Sannan ta buɗe makullin Lawwali. Ta aika a kira shi, bai zo ba. Sai da Mas'udu ya je da kansa ya taho da shi bayan la'asar. Ya tsaya a tsakar gida, ya ƙi zama.

Ta ba su labarin rumfa tun daga farko. Mas'udu ya riƙe baki. Lawwali kuwa ƙasa yake kallo yana ture wani dutse da ɗan yatsan ƙafa.

"Na zalunce ka," ta ce. "Ka yafe min."

"Allah Ya yafe mana." Ya faɗe ta a bushe, yadda ake faɗa wa baƙo.

"Akwai abin da nake roƙo kuma. Kai ka san hanyoyin nan, ka san direbobin da za a yarda da su. Ka je ka taho da Goggo da yarinyar kafin Alhamis, a motar haya, cikin mutane kamar kowa."

"Yau kuma ni?"

"Kai."

"Wace rana?"

"Kar ka gaya min. Kar ka gaya wa yayanka. Kar ka kira mu in kun taso. Mu dai mu gan ku."

Ya ɗago ya dube ta a karon farko tun shigowarsa. "Kin san in wani abu ya faru a hanya, ni kaɗai na san ranar. Ba sauran wanda za a zarga."

"Na sani."

"Kuma kin yarda?"

"Na ba ka ita."

Ya yi wa yayansa sallama ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya Suwaibatu ba ta san yadda ta yi su ba. Ta ɗora hotunan gonakin Tafoki, ta gyara girman haruffa, ta sake ninke rigunan da ta riga ta ninke. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta tashi ta leƙa zaure. Ba ta ga Lawwali ba, ba ta kuma tambaya ba. Hajaratu ta dawo da rariya tana cewa saura ƙiris Alhamis, ita kuma ta ce Allah Ya kai mu. Wani lokaci, tana tsakiyar aiki, tsohon tunanin kan leƙo: ai don an karanta a rumfa ba shi ke nuna bai faɗa wa kowa ba. Sai ta yi a'uziyya ta tashi ta kama shara.

Ranar Laraba da azahar tana tankaɗe a tsakar gida ta ji muryar Goggo a zaure tana faɗan an matse ta a mota kamar buhun gawayi. Sai ga ta ta shigo da ƙullin kaya a ka, ga Lawwali a baya ɗauke da yarinya a kafaɗa, ta yi baƙi ta yi tsawo, an yi mata kitso ƙanana, tana riƙe da guntun rogo.

Suwaibatu ta durƙusa ta gaida Goggo, ta karɓi kayanta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Ta tambayi mutanen Damari gida-gida. Ba ta kalli wajen yarinyar ba. Lawwali ya sauke Ikhlas, ita kuwa ta maƙale a ƙafarsa tana leƙen matar da ba ta gama tunawa ba.

"Ga matata nan na kawo," ya ce, ba tare da ya dubi Suwaibatu ba. "A riƙa ba ta abinci mai laushi, ba irin bulon gidan nan ba."

Goggo ta kurɓi ruwa ta ajiye kofin. "Ke, ɗauke ta ki wanke mata jiki, duk ta yi ƙura. Ni barci zan yi." Ta juya musu baya ta ja mayafi ta rufe fuska, alhali kowa ya san Goggo ba ta barcin rana.

Sai a bayan ɗaki, gaban bokiti, Suwaibatu ta kira sunan, a hankali, bakinta a kunnen yarinyar.

Ranar Alhamis motar ƙungiya ta wuni a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidan Salihu. Da yamma ya biyo ta gidan, ya tsaya a zaure da Mas'udu, Suwaibatu na jin su daga ciki. Ya ce da hantsi wata lamba da bai sani ba ta kira shi. Namiji ne, da ladabinsa. Ya tambaya ko sun taso daga Damari, wai yana da ɗan kaya da yake son a rage masa hanya. Salihu ya ce yau ba tafiya, ya tambayi wane ne, sai aka kashe. Ya sake kira, wayar a rufe.

"Wataƙila dai mai kayan ne da gaske," in ji Mas'udu.

"Wataƙila," in ji Salihu.

Suwaibatu ta dubi Ikhlas da ke zaune a tabarma tana ƙoƙarin cusa ƙafarta cikin takalmin nan mai ƙara wanda ya riga ya yi mata kaɗan. Ta tashi ta jawo ta daga bakin ƙofa zuwa cikin ɗaki, ta saki labule.